Makullin Gida Mai Lamba Bakwai

Da wajen sha biyu da rabi na rana Mai hoto ta dawo daga kai mahaifiyarta ganin likita. Ta hau bene hawa biyu tana jan ƙafa, ta tsaya a ƙofar gidanta mai lamba bakwai tana kokawa da makulli. Mako uku ke nan da saka shi, har yanzu ba su saba da juna ba.

Baba Ciyaman, dattijon da ke shugabantar 'yan hayar benen, yana saukowa daga hawa na huɗu. Ya tsaya.

"Ba da ƙarfi ake yi masa ba, 'yata. Jawo ƙofar, ki ɗaga ɗan makullin sama kaɗan, sannan ki murɗa."

Ta yi hakan, ƙofa ta buɗe. Ta yi masa godiya ta shiga.

Sai da ta cire takalmi ta sha ruwa, sannan idonta ya kai kan ƙusar da take rataye jakar kyamararta. Ƙusa ce kawai. Ta duba bayan kujera, ta duba ƙarƙashin gado, ta buɗe durowa duk da ta san ba ta taɓa ajiye ta a can ba. Kwamfutarta na kan tebur. 'Yan kunnenta na gwal na cikin faranti a gaban madubi. Tagogi duk a rufe da ƙarafunansu.

Ta zauna a bakin gado. Kyamarar ita ce sana'arta, amma ba ita ta fi tayar mata da hankali ba. A cikinta akwai katin da ke ɗauke da hotunan bikin da ta ɗauka ranar Asabar, ba ta kwafe su ba tukuna. Kyamara ana sayen wata. Biki kuwa ba a sake shi don mai hoto.

Ta kira 'yan sanda. Sajan ya zo bayan azahar, mutum mai ƙiba da idanun wanda bai huta ba. Ya duba ƙofar ciki da waje.

"Ba a ɓalle ba. 'Ya'yan makulli nawa gare ki?"

"Ɗaya."

"Sabon makulli da ɗa ɗaya? Uku suke zuwa da shi. Wa ya saka miki?"

"Mai gyaran gidan."

Kowa a benen Sai-gobe yake kiransa, har ya daina jin haushi. Famfo ya fashe, sai gobe. Kwan fitilar matakala ya mutu, sai gobe. Wata biyu Mai hoto ta yi tana bin sa kafin ya canza mata makulli, ranar da ya saka kuma ya ce sauran 'ya'yan suna ofishin manajan gidan. Sajan ya kira manaja a waya. Manaja ya ce shi bai ga ɗan makullin kowa ba.

Aka fara da mai gadi.

"Tun bakwai ina bakin ƙofa," in ji shi. "Ba baƙon da ya shigo sai mai kawo gas, shi ma a ƙasa ya tsaya. Ba wanda ya fita da jaka. Jakar Anti na san ta, mai jan madauri."

"Mai gyara fa?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Yana kan rufi, ranka ya daɗe. Ya hau duba tanki da ƙarfe tara, iska ta rufe ƙofar rufin, makullin ya ƙi buɗewa. Shi ya saka shi da hannunsa. Duk matan da ke shanya sun ji ihunsa. Sai bayan Anti ta dawo na samu wanda ya tsare min ƙofa, na hau na ɓalle."

Sai-gobe na tsaye a gefe, fuskarsa ta ƙone da rana, leɓunansa sun bushe. Ya rantse bai san komai ba. Da aka tambaye shi sauran 'ya'yan makullin, sai ya soma inda-inda.

Baba Ciyaman ya matso, muryarsa a sama. "Ba sai ya shiga da ƙafarsa ba, Sajan. Ya ba wani ya shiga. Shekara biyu ina rubuta wa manaja a kan yaron nan. Yau ga shi kowa ya gani."

Sajan ya tafi da Sai-gobe.

Washegari da safe uwar amarya ta kira sau biyu. Mai hoto ta ce ana aiki a kai, ta ajiye wayar tana jin kunyar kanta. Ta fito ta ja kujera ta zauna a gaban ƙofarta tana kallon makullin, don ba ta da wani abin da za ta kalla.

Idon mai ɗaukar hoto bai iya barin launi ya wuce ba. Ƙofarta ruwan ƙasa ce, kamar duk ƙofofin hawa na biyu. Amma a gefen ƙarfen makullin, inda yake manne da katako, akwai ɗan siririn layi na koren fenti. Ta kankare shi da farce. Tsohon fenti ne, ya bushe tuntuni. Ta haska fitilar waya a kan kusoshin, ta ga bakinsu duk ya cinye, alamar an sha kwance su ana ɗaurawa.

Ta hau matakala a hankali. Hawa na uku shuɗi ne. Hawa na huɗu kore, ƙofofi huɗu a jere. Uku makullansu sun sha fenti ɗaya da ƙofar. Na huɗu, na gida mai lamba sha huɗu, akwai ɗigon ruwan ƙasa a jikinsa, da wata tsaga a gefe wadda ta sani sarai, domin ita ta yi ta da guduma ranar da ya kulle ta a waje. Tsohon makullinta ne.

Ta tsaya ta daɗe a wurin. Sannan ta sauka ta nufi ofishin 'yan sanda.

Sajan ya bar ta ta ga Sai-gobe a kan benci a bayan kantar 'yan sanda.

"Makullina ba sabo ba ne," in ji ta. "Daga ina ka ciro shi?"

Ya kalli Sajan, ya kalli ƙasa. "Anti, rabon manaja da ya sayo makulli tun kafin ki tare. In na ce babu, ni ake zagi. In na matsa masa, ya ce akwai masu neman aikina. Sai in cire na wannan in zuba masa mai in kai wa wancan. Kowa ya ga an canza, ya yi shiru na wata biyu."

"Nawa na wa ne?"

"Na sha huɗu."

"'Ya'ya nawa aka dawo maka da su?"

"Ɗaya. Baba ya ce sauran sun ɓace."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"In na faɗa, kora ce. Na ce gara in kwana a nan."

Sajan ya ɗauki hularsa. Mai hoto ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni minti goma in riga ka shiga wajen Baba. Ya isa ya haife ni."

Matar Baba Ciyaman ce ta buɗe, tsohuwa da sanda, bayan ta ɗan yi fama da ƙofar. Shi yana zaune a falo da tarin takardun ƙorafi a gabansa. Mai hoto ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta zauna a ƙasan kujera.

"Baba, jakata na zo karɓa."

Bai motsa ba. "Wace magana ce wannan?"

"Mai gadi ya ce jakar ba ta fita ba, ke nan tana cikin benen nan. Ɓarawo ba ya barin gwal da kwamfuta ya ɗauki abu ɗaya, kuma ba ya tsayawa ya kulle ƙofa, balle ƙofar da ni mai ita sai na yi gumi nake kulle ta. Wanda ya shiga ya san halin makullin. Jiya kai ka koya min buɗe shi, Baba. Ka ce in jawo, in ɗaga, in murɗa. Ban taɓa ba ka ɗan makullina ba. Ka san shi ne don shekaru ya yi a ƙofarka, kuma sauran 'ya'yansa suna hannunka."

Tsohuwar ta juyo tana duban mijinta. Shi ya cire tabarau ya ajiye a kan takardun, ya murza idanunsa.

"A watan jiya," in ji shi, "na fita kasuwa, makullin nan ya cije da ita a ciki. Ciwon sukarinta ya tashi. Awa biyar tana kwance a bayan ƙofa, ni ina waje ina jin numfashinta. Na kira yaron nan, ya ce yana zuwa. Da ya zo daga baya, sai ya kawo min ruɓaɓɓen makullin wani ya ce sabo ne. Ina saukowa na ga nawa a ƙofarki." Ya nuna takardun. "Wasiƙa goma sha ɗaya. Ba amsa ko ɗaya. Na ce in aka yi sata, dole manaja ya kore shi. Na yi niyyar ajiye miki jakar a matakala bayan kwana biyu."

"Mai gyaran nan a bayan kanta ya kwana, Baba. Kuma ba shi ke hana sayen makulli ba."

Ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗaki, ya fito da jakar mai jan madauri. Ta buɗe kyamarar, ta kunna. Amarya ta bayyana tana dariya, ƙawayenta kewaye da ita. Mai hoto ta sauke numfashi, ta ji gajiyar kwana biyu ta sauko mata a kafaɗa lokaci ɗaya.

Sajan ya ƙwanƙwasa. Ta faɗa masa komai yadda yake, ta kuma ce ba ta son a kai tsoho kotu. Sajan ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce Baba zai bi shi ya sa hannu, ya kuma ba mai gyara haƙuri a gaban mutane. Baba ya yi, da murya ƙasa-ƙasa, a tsakar benen, 'yan haya na leƙe ta tagogi. A ranar ya ajiye shugabancin.

Duk da haka manaja ya kori Sai-gobe a ƙarshen mako, wai ya zubar wa gidan da mutunci. Mai hoto ta je ofis ta yi magana har muryarta ta dushe. Manaja ya saurare ta yana danna waya.

A hanyar dawowa ta tsaya shagon kayan gini ta sayi makulli da sukundireba. Mai shagon ya nuna mata yadda ake ɗaurawa. Ta ɓata awa biyu a durƙushe, ta yanke yatsa, amma ya zauna daram.

Tana tattara kusoshi ta ji ƙarar sanda a matakala. Matar Baba ce, ta sauko hawa biyu ita kaɗai, tana haki. Ta tsaya tana kallon sabon ƙarfen.

"'Yata," in ji ta, ba ta iya haɗa ido da ita ba, "shi ba zai iya roƙonki ba. Ni kuma har yanzu tsoron rufe ƙofarmu nake yi."

Mai hoto ta dubi yatsanta, ta dubi tsohuwar. Bayanta na ciwo, ga hotuna na jiran gyara.

"Shiga ki zauna, Mama," ta ce. "Bari in koma shagon kafin ya rufe."