Fuskokin da Nasidi Ya Ƙi Nunawa

Me Nasidi ya fara gani ta cikin kyamararsa ranar nan, shanun ko yarinyar? Har yau mutanen Janbako ba su daidaita a kai ba, ni ma ban sani ba.

Wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ce ta aiko shi daga Talata Mafara ya haɗa fim a kan rikicin ruwa. Tun da dam ɗin Bakolori ya tsare kogi, rani na yi sai manoma da makiyaya su cushe a mashaya ɗaya, kuma an sha zubar da jini.

Yana bin garken Malam Buba da kyamara, sai ga Taibatu, ɗiyar mai garken, ta ɗago daga ramin da ta tona cikin yashi tana jiran ruwa ya tsatso.

"Kai mai ido ɗaya," ta ce, don ya runtse ɗayan, "wa ya ce ka ƙirga muna shanu?"

"Ba ƙirga nike ba."

"Baƙo ba ya bin garke da ido daga kai har wutsiya. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya masa ba. Kunya ta kama shi. Ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, jajir da laka, ya shanye tas, ita kuma ta rufe baki da gyale tana dariya.

Daga nan ƙafarsa ta saba da Janbako. Ya roƙi Malam Buba ya yi magana a fim ɗin, tsoho ya ce, "Fuskata ba ta shiga akwatin kowa." Amma bai hana shi zance ba.

Saƙonta yakan zo da hantsi: "Mai ido ɗaya, yau ma fim ne ya kawo ka?"

Shi kuma ya mayar: "'Yar Baffa, fim ya kawo ni, ke kika hana ni komawa."

Ana cikin haka ɓarayi suka kore rabin garken.

Ɗanasabe, dillalin shanun da ya daɗe yana neman Taibatu, shi ya fara yaɗawa a kasuwa: wa ya bi garken da na'ura? Wa yake kwana cikin manoma yana hira da su? Kafin la'asar masu amsa sallamar Nasidi sun ragu. Shi ma ya fara zargin kansa. Wa ya tsaya bayansa ranar da yake duba hotunan a shagon cajin waya?

Saƙon Taibatu ya zo ba sunan wasa: "Nasidi, ka gaya mini gaskiya, ni ka zo gani ko shanunmu?"

Malam Buba ya kira shi gindin gawo, Ɗanasabe na gefe, Taibatu na bayan zana tana ji.

"Yaro, buɗe akwatin mu ga duk abin da ka ɗauka. In babu mugun abu, na ba ka Taibatu yau."

Nasidi ya rungume kyamararsa. A cikin akwatin akwai manoma da makiyayan da suke haɗuwa a ɓoye don sulhu, akwai matan da suka faɗi waɗanda suka kashe musu maza. Ya yi wa kowanne alkawarin sai ya rufe masa fuska da murya kafin wani ya gani.

"Baba, hoton garkenka zan nuna maka. Sauran amana ce."

"Kun ji ko!" Ɗanasabe ya zabura. "A ƙwace mu ga su wane ne a ciki!"

"Ko da za ka rasa ta?" in ji tsoho.

Nasidi ya dubi zanar. Ya san tana nan. "Ko da zan rasa ta, Baba. In na sayo aure da fuskar mutane, da wace fuska zan dube ta?"

Tsoho ya juya ga dillali.

"Ɗanasabe, ni shanu na rasa. Kai mi ka rasa da kake son ganin fuskoki haka?"

Ɗanasabe ya yi 'yan kame-kame, ya tuna ana jiransa a Maradun.

Shanun ba su dawo ba, ba a kuma san wanda ya kai tsegumi ba. Amma da magariba waya ta yi ƙara: "Mai ido ɗaya, ka yafe mini. Ashe da rufaffen idon kake tsare amana."

Bayan girbi aka ɗaura aure, manoma a tabarma ɗaya da makiyaya, kowa na satar kallon kowa, ana shafa fatiha ana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba.

Da jama'a ta watse, Malam Buba ya gyara rawaninsa ya zauna gindin gawo.

"Surukina, ɗauko akwatin naka. Ina da magana a kan ruwa. Kuma ni kada ka rufe mini fuska."