Hoton Abincin Maƙwabciya

Tun da mijinta ya tafi, ɗakin ya yi wa Auta girma. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a lungu, amma sai take jin kamar an ƙara masa faɗi. Mijin nata mai walda ne. Da aka rufe shagon da yake aiki sai ya bi 'yan kwangila zuwa wani gari mai nisa, abin da yake turowa kuwa sai an yi masa dabara yake kai ƙarshen wata. Dabarar ma shi ya koya mata, don ya daɗe yana gwauranci kafin ya same ta. Yakan tsaya a bayanta yana tsokana, "Yanka albasar siriri, Auta. Ko rabi ce, in ta ji mai sai maƙwabta su leƙo." Yanzu in ta ɗauki wuƙa takan waiwaya, sai ta ga bango. Kewarsa take yi, kewa mai hana abinci wucewa.

Mama, mahaifiyarta, dama ba ta so auren ba. Ranar da ta haƙura cewa ta yi, "Na ba shi ke, amma in na ji kina zaune da yunwa, da ƙafata zan zo in ɗauke ki." Mama kuwa ba ta magana biyu. Kullum da rana sai ta kira, "Me kika dafa? Turo min hoto in gani."

A nan Auta ta tafka wauta. Kunyar tukunyarta ta kama ta, sai ta riƙa leƙawa ɗakin maƙwabciyarta, wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan abin hannu, tana ɗaukar hoton abincinta. Yau kaza, gobe kifi, ta tura wa Mama har da cewa an ci an ƙoshi.

Wata rana, hantsi ya ɗaga, sai ga sallamar Mama. Ko ruwa ba ta karɓa ba, ta ɗaga wayarta ta nuna mata hoton.

"Wannan faranti mai shuɗin baki, na wane ne?"

"Mama, ai..."

"Ni na saya miki kwanukanki ɗaya bayan ɗaya, har cokali. Babu mai shuɗin baki a ciki."

Ta wuce kicin ta buɗe kabad. Ragowar taliya, ɗan wake a jiƙe, rabin albasa, tumatir da ya fara laushi, ƙwai guda. Mama ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa.

"Haɗa kayanki."

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba. "Sori, Mama, ƙarya na yi miki. Amma ki bari in dafa miki abin da nake ci da gaske. In kin ci kin ga yunwa ce, wallahi zan bi ki."

Mama ta ja kujera ta zauna, fuska a ɗaure, jaka a cinya.

Auta ta kunna gas. Waken tun safe yake jiƙe, don haka bai ja lokaci ba. Ta soya albasar a ɗan mai har ta yi ja, ta matse tumatirin a kai, ta zuba waken da ruwansa, ta kakkarya taliyar ta watsa ciki. Tukunya ɗaya, wanki ɗaya. Da ta tafasa sai ta fasa ƙwan a sama, ta rufe, ta kashe wutar, ta lulluɓe tukunyar da tawul don tururi ya ƙarasa aikin. Ƙamshi ya cika ɗakin. Mama ta kauda kai, amma hancinta bai bi ta ba.

Sai waya ta yi ƙara. Mijinta ne, lokacin hutunsu na rana ya yi. Hannunta duk mai, sai ta danna sifika da ɗan yatsa kamar yadda ta saba, kafin ta tuna wa ke zaune.

"Uwargida, an sauke?" Muryarsa a gajiye, amma da dariya a ciki. "Kin dai sa ƙwan, ko? Kada ki yi wa kanki rowa."

"Na sa." Ta saci kallon Mama. "Kai fa, me ka ci?"

"Ni? Ai kada ki tambaya. Shinkafa da nama, har na kasa tashi."

Mama ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Kai ma naka salon ke nan?"

Can ya ce, "Mama? Ina wuni, Mama..."

"Lafiya lau. Tsakaninka da Allah, me ka ci?"

Ya yi ɗan tari. "Burodi ne, Mama. Da ruwa."

"Jiya fa?"

"Shi ne dai. Don Allah kada ranta ya ɓaci. So nake abin da ke hannuna ya isa can tukuna."

Auta ta toshe baki da gefen mayafi, kuka ya ƙwace mata. Duk kwanakin nan da take tausayin kanta, ashe ita ce mai cin daɗin.

Mama ta miƙe daga kujerar. Ta buɗe tukunyar da kanta, ta ɗebi cokali ta kai baki, ta sake ɗiba. Sannan ta gyara murya.

"Ɗana, kana jina? Kawun Auta yana neman mai walda a garejinsa, ni na hana a gaya maka. In kun gama aikin da ke gabanku, ka tattaro ka dawo. Kun ishe ni da ƙarya, ku biyun."

"Mama, na gode... Allah Ya saka."

"Ka gode wa matarka. Ke kuma zubo min, tsayawa kallona za ki yi?"

Bai cika wata ba ya dawo, ya rame, ya yi duhu, jakarsa a kafaɗa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi da hawaye. Ranar ta auna taliya ta mutum biyu.

'Yan mata, rashi ba abin kunya ba ne, kuma ba shi ke raba aure ba. Ƙaryar rufa shi ce ta kusa raba Auta da mijinta. Abin da ya riƙe su kuwa haƙuri ne, da mutum biyun da kowanne ya fi damuwa da cikin ɗan'uwansa a kan nasa.