Wadda Ta Amsa Kiran Huseina

Rana ta riga ta jingina da duwatsu lokacin da aka tsayar da babban lilon nan mai juyawa sama, a wurin shaƙatawar da aka buɗe a bakin ruwa, can bayan Rano. Kiɗan da ya wuni yana cika kunne ya yanke lokaci guda, kukan kwaɗi ya maye gurbinsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta damina ya taso ya danne na gasasshen nama. Mutane suna ta tattara tabarmi da kuloli, kowa na gaggawa, don babu mai son magariba ta same shi a tsakanin duwatsu.

Saminu, mai sayar da taki a kasuwar Rano, tun ranar Asabar ya kawo iyalinsa, suka kwana a masaukin wurin. Mutum ne mai son a ce ya yi, kuma tun a mota yake shaida wa kowa cewa yanzu shi ma ya waye. Mahaifiyarsa, Iya, ta ƙi zuwa. Ta ce ba ta ga dalilin da mai hankali zai kai kansa a juya masa hanji a sama ba. Saboda haka daga shi sai matarsa Huseina, da ƙaramin ɗansu Lukman, da 'yar farinsu Bushra wadda ta fara zama budurwa.

Lukman ya sha wasa har muryarsa ta dishe. Bushra kuwa ta wuni tana kallon matan birni, yadda suke kwaɗa wa 'ya'yansu kira da suna a bainar jama'a, su rungume su, su share musu baki. Ita tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Huseina Bafulatanar Unguwar Gai ce, ta tashi a gidan da uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallonsa sosai a gaban mutane. Ko mijinta Baban Lukman take ce masa, ta tsallake babbar. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, amma yarinya ba ta cika bambance su ba. Da la'asar sakaliya Bushra ta zame jikinta, ta je ta zauna ita kaɗai a bayan wani ƙaton dutse da masu wurin suka shafa wa fenti shuɗi da rawaya.

Da aka gama loda kaya, Huseina ta nufi dutsen, ta tsaya daga nesa.

"Ke! Ke 'yar nan! Taso mu tafi gida, magariba ta yi."

Shiru. Ta sake kira, ta ƙara da cewa, "Ba kya ji ne? Zo mu tafi gida."

"Na'am," wata siririyar murya ta amsa daga tsagin dutsen, ta hannun hagu. Bushra kuma ta hannun dama ta fito, bakinta a rufe, kanta a sunkuye. Tsikar jikin Huseina ta tashi, amma ta ce a ranta amsa-kuwwa ce. A hanyar komawa gidansu a Dawaki, Lukman ya yi ta mitar an matse shi, alhali su biyu ne kawai a kujerar baya.

Washegari, ana kiran sallar magariba, dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwanon ɗakin Huseina. Wani ya biyo baya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Saminu ya fito da carbi a hannu yana huci, kuma bai ko yi shawara da kowa ba ya yanke cewa maƙwabcinsa Haliru ne, wanda suke 'yar tsama da shi a kan magudanar ruwa tun farkon damina. Ya je ya zazzaga masa rashin mutunci a ƙofar gida. Haliru ya rantse, Saminu ya ce rantsuwa ai ba ta da wuya. Kafin ya dawo an sake jefo wani, wannan karon a tsakar gida, kusa da turmi.

Iya ce ta tsince shi. Dutsen da ɗumi kamar an ciro shi daga hammatar mutum, kuma gefensa ɗaya da shuɗin fenti.

Daga nan zargi ya shigo gidan ya shimfiɗa tabarma. Saminu ya zazzage aljihun Lukman, ya ja masa kunne a banza. Iya ta fara kallon Huseina a kaikaice, tana cewa mutanen daji suna da abubuwansu, wa ya san abin da aka ɗaura wa yarinya a ƙugu tun tana goyo. Huseina kuwa a ranta ta riƙe cewa tsohuwar da ta ƙi bin su ta san abin da ta sani, kuma bakinta ne ya bi su. Kowa ya koma rufe kwanonsa da faifai. Gidan da ake cin tuwo ana hira ya zama sai ƙarar cokali, kuma duk magariba jifan yana dawowa.

Ita kuwa Bushra, wadda ya kamata a fara dubawa, ita aka duba a ƙarshe. Ta koma cin abinci kamar na mutum biyu, tana ramewa. In ubanta ya ce "Bushra", ko gezau, sai ka ce da bango yake. Amma da wani zai ce "ke" a gidan, ko da akuya ake kora daga kan shanya, sai ka ji ta amsa da sauri, da wata irin murna mai ban tausayi. Saminu ya ce iskanci ne, ya ƙwace mata waya. Da bai ga canji ba ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sayo magani. Huseina kaɗai ta gane muryar, kuma tsoro ya hana ta faɗa, don ta san da ta buɗe baki laifin a kanta zai sauka.

Wata yamma hadari ya haɗu bai zubar ba, gari ya yi duhu tun kafin lokaci, kaji suka shige akurki da wuri. Huseina na durƙushe tana hura wuta, sai ta ji mutum a tsaye a bayanta. Bushra ce, idanunta a buɗe ba ƙiftawa.

"Adda," ta ce, yadda yaran ke kiran uwarsu, amma da siririyar muryar nan. "Kin kira ni na zo, har yau ba ki ba ni tabarma ba. Ina ta ƙwanƙwasa miki rufi."

Iya ta saki ludayin da ke hannunta tana salati. A daren ba a tsaya gardama ba, Saminu ya hau babur ya ɗauko Malam Dalhatu na Yalwa, dattijon da ya yi suna wajen ruƙiyya, mai ƙarancin magana da yawan sauraro.

Kafin ya zauna sosai kowa ya kai ƙararsa. Saminu ya kawo Haliru, Iya ta kawo dangin Huseina a cikin habaici, Huseina ta sunkuyar da kai. Malam Dalhatu ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Duk na ji wanda kowa yake zargi. Babu wanda ya gaya mini yarinyar me ke damunta." Ya sa aka zaunar da Bushra a kan tabarma, Iya ta riƙe ta ta baya, ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. Iska ta tsaya cik. Yana cikin Ayatul Kursiyyu yarinyar ta sandare, ta saki wani kuka irin na ƙaramin yaro.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ta dutsen bakin ruwa. Da aka zo da motocin fasa dutse, namu suka tashi, aka manta da ni. Kullum ina jin ana kiran yara, kowa da sunansa, kowa ya tafi. Ran nan aka zo har ƙofata aka ce, ke, zo mu tafi gida. Wadda ke zaune ta yi shiru. Ni na amsa."

Saminu ya juya ya dubi matarsa. Huseina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kin san ba ke ake nufi ba," in ji Malam.

"Ba a faɗi suna ba."

"Ina mai jikin?"

"Tana ciki, ta juya baya. Ta ce ba ita ake nema ba, ba a taɓa nemanta ba. Ni ba ƙwace na yi ba, wuri na samu a buɗe."

Malam ya ce ta fita, ko ya ci gaba da karatu. Ta roƙa a bar ta ko bayan randa ne, ta ce ba ta da ɓarna. Ya ƙi. Ta ce to a bar ta zuwa kaka. Ya ƙi. Saminu, da son a ce ya yi, ya yi caraf ya ce zai yanka mata rago, Malam ya daka masa tsawa, ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Sai muryar ta dawo a sanyaye.

"To uwar ta kira ta. Da sunanta, da bakinta. In ta amsa, na tafi, na rantse da wanda ya halicce mu ba zan dawo ba. In ba ta amsa ba, gidan nawa ne, don ni aka kira. Kuma in zan tafi a raka ni zaure. Ba korarriya ba ce ni, baƙuwa ce."

"Na yarda," in ji Malam, ya dubi Huseina.

Wanda bai tashi a irin gidansu ba zai ce wannan ai ba komai ba ne. Saminu ma haka ya gani, ya ce, "Haba, suna ne fa kawai!" Amma mahaifiyar Huseina har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba, ko a kan gadon ciwo. Ga suruka a zaune, ga miji, ga baƙon malami. Huseina ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi kamar na wadda aka ce ta tuɓe a kasuwa. Abin da ya fito shi ne abin da ta saba.

"Ke..."

"Na'am!" muryar ta cafe da murna, jikin yarinyar ya miƙe.

Malam ya ce, "Kul! Kada ki sake. Kina ƙara ɗaure ta ne."

Huseina ta fashe da kuka. Tana son yarinyar nan fiye da ranta, ita ce ta fara sa ta jin motsin ɗa a cikinta, kuma shekara da shekaru tana ɓoye wannan son kamar abin sata. Yau ga shi ɓoyon zai cinye mata 'ya. Iya ta daɗe tana kallonta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. Sai tsohuwar ta saki kafaɗun jikarta, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta juya fuskarta bango.

"Kira ta, Huseina. Ni ba na nan, ban ji komai ba."

Huseina ta matso, ta kama hannuwan yarinyar, sun yi sanyi ƙalau.

"Bushra," ta ce, da ƙyar ake ji.

Babu amsa. Wata 'yar dariya ta fara tasowa daga maƙogwaron yarinyar. Huseina ta miƙe a kan gwiwoyinta, ta manta da malami, ta manta da suruka, ta kwarma kiran da har gidan Haliru sai da aka ji.

"Bushra! Bushratu, 'yata, ke nake kira! Ke na je nema a dutsen nan, wallahi ke! Taho gida!"

Dariyar ta yanke. Yarinyar ta yi wata doguwar atishawa, jikinta ya saki, ta faɗa ƙirjin uwarta. Can ƙasa, da muryar da suka sani, mai ɗan kauri da gajiya, aka ce, "Na'am, Adda."

Malam Dalhatu ya tashi ya ɗauki fitila, ya ce alkawari ne, a cika. Saminu ya bi shi. Ba su ga kowa ba, sai labulen ƙofa da ya ɗaga ya koma, da kajin da suka yi ɗan motsi a akurki. Daga inda take zaune, rungume da 'yarta, Huseina ta ɗaga murya ta ce, "Ki yafe ni. Allah ya sada ki da naki." Ƙyauren zaure ya yi ƙara a hankali, sannan ruwan da ya ƙi zuba tun yamma ya fara sauka a kan kwano.

Iya ta sauke mayafinta tana sharar ido, tana cewa hayaƙin murhu ne. Bushra ta ɗago kai ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta.

"Adda, ke ce kika kira ni?"

"Ni ce."

"Sake faɗa."

Huseina ta saci kallon Iya, kunyar ta dawo mata sabuwa, ta rufe fuska da gefen zane. Amma hannunta ɗaya bai saki yarinyar ba, kuma daga cikin zanen ta sake faɗa.