Ambulan Maganin Malam Buba

"Za su karɓe mini lasisi, Hadi!"

Na miƙa masa takardar sammacin da aka aiko mini. A bakin asibitinmu na Birnin Kudu muke, ko farar rigar aikina ban cire ba.

Hadi lauya ne, sabon dawowa daga Zariya, kuma shi ne wanda na yi shekara biyu ina korar manema saboda shi. Abin takaicin, majinyacin da ake tuhumata a kansa mahaifinsa ne, Malam Buba na Gwaram.

"Nutsu, Ruƙayyatuna... faɗa mini yadda aka yi."

"Zazzaɓi ne ya kawo shi. Na zuba masa ƙwayoyi a ambulan, na yi masa bayani. Da na ga ba ya karatun boko, sai na rubuta masa da ajami a bayan ambulan ɗin, biyu da safe, biyu da yamma. Wallahi na rubuta!"

"Amma duka ya sha lokaci guda."

"Duka! Kwana uku bai san inda kansa yake ba, yanzu kuma ya ce bai tuna komai ba. Sista A'i ta kai wa kwamitin ladabtarwa ambulan ɗin babu ko harafi ɗaya, wai na ba da magani babu bayani."

A'i ke nan, abokiyar aikina. Tun ranar da Hadi ya fara ajiye babur ɗinsa a ƙofar asibiti take hura hanci, ta ɗauka wurinta yake zuwa.

"Zan tsaya miki," in ji shi.

"Dada fa?"

Dada ita ce mahaifiyarsa. Ta daɗe da rantsuwa ba za ta yi suruka da mai taɓa jikin mazan mutane ba.

Ranar zaman kwamiti na isa da wuri. Hadi ya tare ni a baranda, idanunsa jajir.

"Na taɓa ambulan ɗin jiya a wurin magatakardan kwamiti. Ya yi ƙamas, kamar an jiƙa shi ya bushe. Na wuce Gwaram kai tsaye."

"Sai me?"

"Na san wadda ta jiƙa shi... amma ta ƙi magana."

"Wace ce?"

"Dada."

Shi ke nan! Wace uwa ce za ta kunyata kanta gaban baƙi don ta ceci wadda ba ta ƙauna?

Likitoci biyu da wata babbar nas daga Kano suka zauna a gabana. A'i ta zuba nata har da ƙari. Hadi ya miƙe ya nuna yadda takardar ta yamutse, ya roƙi a duba sauran shuɗin tawada a gefenta.

"Lauya, takarda ba ta magana," in ji shugaban kwamitin. "Kana da shaida ko babu?"

Hadi ya kalli ƙofa. Ni ma na kalla. Babu kowa.

Shugaban ya buɗe alƙalaminsa. Na runtse ido, ina ganin shekara uku na makarantar jinya suna tafiya a banza.

"Salamu alaikum..."

Dada ce, lulluɓe da baƙin mayafi, ƙurar motar Gwaram har gira. Ba ta kalli ɗanta ba.

"Ni na wanke shi," ta ce.

"Kika wanke me, Inna?" in ji shugaban.

"Rubutun. Malam yana kwance yana sambatu, na ga baƙaƙen Larabci a jikin takarda, na zaci addu'a ce yarinyar ta haɗa masa. Na wanke a ƙwarya, na zuba ƙwayoyin duka a ciki, na ba shi." Muryarta ta karye. "Ni ba ni da karatu. Kunya ce ta rufe mini baki, ba laifinta ba ne."

A'i ta sunkuyar da kai. Shugaban ya rufe alƙalaminsa, ya ce ba a same ni da laifi ba, in koma bakin aikina.

Kuka ya ƙwace mini. Na fito na durƙusa gaban Dada.

"Tashi, 'yar nan, za ki ɓata farar rigarki."

"Na gode, Dada... na gode!"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara mayafinta.

"Idan kin tare a gidanmu, ki koya mini karatun nan. Kada wata rana in kashe mijina da hannuna."