Ƙaramin Yatsan Intisar

Da hantsi Intisar ta ɗauko abincin 'yan aikin gonarsu, tana bin bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin Wad Haddad. Wani jaki ya firgita ya yo kanta. Ta yi tsalle gefe, ƙafarta ta daki ƙarfen matsarin ruwa.

Da ta duba, sai ta ga ƙaramin yatsan ƙafarta ta dama ya karkace waje. Ba zafin ne ya tsorata ta ba. Ƙafar mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, daga irin wannan yatsan ciwon sukari ya fara cin ta. Ya yi baƙi, aka kai shi asibitin Madani aka yanke ƙafar, ya dawo gida da sanduna biyu.

Wata raksha, babur mai ƙafa uku, ta tsaya. Saurayin da ke tuƙa ta ya durƙusa nesa kaɗan da ita.

"Sannu, baiwar Allah. Sunana Uwaisu. Taso in kai ki asibiti."

"A'a! Yankewa za su yi," ta ce da kuka.

"Ki dube ni. Babu mai taɓa ki sai ya faɗa miki abin da zai yi. Zan tsaya a bakin ƙofa."

Ta dube shi kuwa, sai ta ji ta yarda.

A asibiti Likita Hanaa ta sa aka ɗauki hoton ƙashi. "Babu karaya," in ji ta. "Gaɓar ce ta goce, ba ta ma fita duka ba." Ta yi mata allurar kashe zafi, ta ja yatsan a hankali, ƙas! ya koma. Ta sa auduga a tsakani, ta ɗaure shi da na kusa da shi.

"Ki riƙa ɗaga ƙafar, ki ɗora ƙanƙara cikin tsumma, ki sa takalmi mai taurin ƙasa. In ya yi sanyi ko ya daina ji, ki dawo nan take."

Kafin su iso gida Khalid, ɗan baffanta da ya daɗe yana neman ta tana ƙi, ya riga ya ce wa mahaifinta mai raksha ne ya taka ta. Malam bai saurari kowa ba.

"Kada in sake ganin ka a ƙofata!" ya ce wa Uwaisu.

Amma lambarsa na wayarta. Kullum sai ya rubuto: "Habibti, masoyiyata, yaya ɗan majinyacina? Ki ce masa ya warke, akwai doguwar tafiya a gabanmu."

Takan amsa: "Yana gaishe ka. Mai shi ce ba ta iya cin abinci."

Wata safiya ta kwance ɗaurin za ta sake auduga. Yatsan ya yi baƙi har gefen ƙafa. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Uwaisu, ya yi baƙi. Irin na Baba. Ina tsoro."

Ya amsa: "Ga ni nan. Ko zai kore ni."

Malam ya ji kukanta, ya dogaro sanduna ya shigo. Yana ganin yatsan sandarsa ɗaya ta faɗi.

"Ya Salam... 'yata. Ba ke ba, ba ke ba."

Tun da aka yanke ƙafarsa bai sake yarda ya kusanci asibiti ba. Yau da ya ji ƙarar raksha, shi ya fara fita. "Kama ni in hau, yaro," ya ce.

A hanya Intisar na jin mahaifinta yana salati ƙasa-ƙasa, tana tunanin yadda za ta rayu da sanda.

Likita Hanaa ta taɓa yatsan. "Da ɗumi. Kina ji?"

"Ina ji."

Ta danna farcen ya yi fari, ta saki, nan da nan jini ya dawo. "Dubi, Baba. Yatsan da ransa. Kwanciyar jini ce kawai ta bugun, za ta washe." Ta gwada sukarinta, lafiya lau.

Malam ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na girgiza. Intisar ta riƙe hannunsa.

"Baba, ba shi ya taka ni ba. Ƙarfe na buga. Shi ya tsince ni ina kuka a bakin ruwa."

Dattijon ya juya ga Uwaisu.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini. In da gaske kake son ta, turo manyanka."

Bayan an girbe dawa aka ɗaura auren. Mata suka zana wa amarya lalle har idon sawu, guɗa ta cika gida. Malam ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Ga ta nan, Uwaisu. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka a zuriyarku."

Jama'a suka ce amin. Intisar ta miƙe, ta taka da ƙafafunta zuwa gidan mijinta.