Sunan Yankan Uwani

Ranar Laraba, sha uku ga Nuwamba, 2024, saura kwana tara cif a ɗaura auren Uwani Falalu da Abdulhakim, aka dakatar da buga katin gayyata. Angon da kansa ya kawo labarin har gidansu Uwani da ke unguwar Yalwawa bayan la'asar. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya ƙi hawa tabarmar da ta shimfiɗa masa.

“Uwani, mene ne sunanki na yanka?”

Ta dube shi. Shekara uku suna tare, bai taɓa tambaya ba.

“Yudokiya.”

“Ashe gaskiya ne...”

“Me ke gaskiya?”

Uwani sunan alkunya ne, irin wanda ake laƙaba wa yarinyar da ta ci sunan kakarta, domin kada iyaye su riƙa kama sunan mahaifiya. Da shi ta yi makaranta, shi ne kuma a takardunta. Amma liman ba ya ɗaura aure sai da sunan da aka raɗa. Saboda haka Alhaji Muntaka, baffan Abdulhakim kuma wakilinsa tun rasuwar mahaifinsa, ya tambayi Malam Falalu sunan yarinyar. Malam Falalu ya sunkuyar da kai ya ce sunan Inna gare ta. Aka sake tambaya, ya maimaita. Shekararsa hamsin da shida bai taɓa furta sunan mahaifiyarsa ba. Alhaji Muntaka ya ɗauki kunyar a matsayin ɓoyon asali.

Shamsiyya, 'yar Alhaji Muntaka, wadda ta daɗe da sa rai da Abdulhakim, ta shiga mota zuwa Ringim, garinsu Malam Falalu. Ta samo sunan a bakin tsofaffi, ta dawo da shi haɗe da ƙarin da babu wanda ya ba ta: wai kakar Uwani 'yar wani Bature mai sayen gyaɗa ce, an haife ta babu aure.

Abdulhakim ya zayyana mata wannan duka, sannan ya faɗi sharaɗin baffansa: a yanka rago, a sake mata suna Zahra'u, ko kuwa ya janye hannunsa.

“Rago ɗaya ne fa, hasken idona. Ni ba suna zan aura ba.”

“In na yarda aka yanka ragon nan, na sa hannu ke nan cewa kakata shegiya ce.”

“Ba wanda ya ce haka...”

“'Yar'uwarka ta ce. Kai kuma ka kawo mini farashinsa.”

“Uwani, don Allah.”

“Ka je ka auri Zahra'un. Ni ban san ta ba.”

Ta naɗe tabarmar ta shige gida. Sai da ta rufe ƙofar ɗaki sannan hawayen suka zubo.

Abdulhakim malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Dutse, don haka ya fara da abin da ya iya. Ya kwana biyu yana bincike, ya tafi wurin baffansa da takarda a hannu. Ya bayyana masa cewa sunan na mutanen Girka ne na dā, ma'anarsa kyakkyawar niyya. Cewa matan sarakunan Rum da dama sun amsa shi, har da wadda ta rasu a Ƙudus a shekara ta 460. Cewa akwai garuruwan da aka kira da shi a ƙasar da a yau ake ce wa Turkiyya. Da yake bai saba rage gaskiya ba, ya ƙara da cewa Kiristoci ma suna da waliyyai masu sunan.

“To ka ji,” in ji Alhaji Muntaka. “Da bakinka ka kawo mini hujja. Tashi ka ba ni wuri.”

Ranar Asabar ya nufi Ringim. Ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin Gaji, yayar marigayiya kakar Uwani, mai shekara tamanin da biyu. Ta ba shi labari cewa tana da shekara tara, a daminar 1951, mahaifiyarsu ta yi kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta sallama. Matar wani Bagirke mai sayen gyaɗa kusa da tashar jirgi ta ji kukan, ta shigo babu gayyata, ta sa aka ɗora mai naƙudar a motar mijinta, ta riƙe kanta a cinya har asibiti. Uwa da jaririya suka rayu. Mahaifinsu, malamin allo ne, ya sa wa jaririyar sunan matar, ya ce ba shi da wata sakayyar da ta fi wannan.

“Ɗan nan,” Gaji ta ce, “ƙanwata ta fi ni baƙi. Wane Bature ne zai haife ta?”

Alhaji Muntaka ya ƙi sauraron wannan ma. Abdulhakim ya durƙusa gabansa, ya ce ba zai bar Uwani ba, kuma ya roƙi ƙaramin baffansa Mika'ilu ya zama wakilinsa. Daga nan ya tafi wurin Modibbo, limamin unguwa. Modibbo ya ce shari'a ba ta hana baƙon suna ba muddin ma'anarsa mai kyau ce. Amma ya ce shi ba zai faɗi sunan a madadin kowa ba, domin tsegumin daga shirun waliyyi ya taso, kuma bakin waliyyi ne kaɗai zai kashe shi.

Abdulhakim ya koma zauren Yalwawa ranar Talata. Wannan karon ya nemi tabarma.

“Na yi kuskure, masoyiyata. Ki yafe mini zancen ragon.”

“Ka rabu da baffanka saboda ni?”

“Saboda Inna. Ke ai ba ki da wuyar samu.”

Ta harare shi, murmushi ya kusa ƙwace mata. Da ya faɗi sharaɗin liman, murmushin ya ɓace.

Washegari da hantsi ta tarar da mahaifinta a tsakar gida, ta durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, ban taɓa roƙonka abin da ya fi ƙarfinka ba...”

“Uwata, kin san abin da kike nema kuwa?”

“Sau ɗaya ne, Baba. Ba don aurena kaɗai ba. Ana zaginta a gari.”

Malam Falalu ya ɗauki butarsa ya fita, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haka aka wuni Alhamis.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Uwani tana zaune a ɗaki cikin lulluɓi, lasifikar masallaci tana shigowa ta taga. Ta ji Mika'ilu ya nemi aure. Ta ji Modibbo ya ce, “Malam Falalu, wace 'yar taka kake bayarwa?”

Lasifikar ta yi shiru. Wani ya yi tari. Matan da ke ɗakin suka daina hira, Uwani ta damƙe bakin mayafinta.

Modibbo ya sake tambaya.

“Ina bayar da 'yata...” muryar mahaifinta ta tsinke, ta dawo. “Yudokiya. Sunan mahaifiyata ne, 'yar Malam Hashimu na Ringim, 'yar halak. Wanda yake da magana a kanta, ga ni.”

Babu wanda ya fito. Modibbo ya ce a yi salati, aka shafa fatiha. Uwani ta kifa fuskarta a cinyar Gaji, wadda ta zo biki daga Ringim.

An ɗaura auren ranar ashirin da biyu ga Nuwamba, da ƙarfe biyu da rabi. Alhaji Muntaka bai halarta ba, sai bayan wata bakwai ya taka gidan amarya. Malam Falalu bai sake furta sunan ba.