Reshen Tsamiya Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Malama Hamida a unguwar Gesse. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, har ta leƙa waje da niyyar faɗa. Layin babu kowa.

Malamar ilimin tsirrai ce, irin wadda ba ta yarda da abin da ba ta gani da ido ba. Kwana uku da suka wuce ta kai ɗalibanta wani lambun adana itatuwa a hanyar Argungu, aka nuna musu ɗakin da ake ajiye busassun ganyaye, kowanne da sunansa. Ta ce kowa ya yanko reshe ya busar. 'Yarta Nuriyya, wadda ke cikin ajin, ta yanko na wata tsohuwar tsamiya, ko sallama ba ta yi ba. A gida suka shimfiɗa shi tsakanin jaridu da katako biyu. Da Hamida ta ga bai kwanta sosai ba, ita da kanta ta ɗora dutsen niƙa a kai.

Jifa na uku ya tarar da Nuriyya kwance a tsakar gida, shame-shame, numfashi na fita da ƙyar kamar an hau ƙirjinta. Tsoro ya kama Hamida, ta aika a kira Malam Hodi, mai ruƙiyya a unguwar.

Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Muryar wata tsohuwa ce.

"Ɗana na barci cikin ganyen ga kunka yanke. Kwana ukku ke nan shina ƙarƙashin dutse."

Malam ya ce yarinya ce, ba ta sani ba. Muryar ta ce sai ta danne ta kwana uku, kamar yadda aka yi wa nata. Ya tuna mata da Allah, ya ce za a sako ɗan yanzu, a mai da reshen gindin tsamiyar gobe. Da ƙyar ta yarda.

Hamida ta ɗaga dutsen niƙan. Ganyen na nan ɗanye, har da ɗumi. Nuriyya ta ja dogon numfashi.

Sai muryar ta fashe da kuka a hankali.

"Ƙahwa tai ta karye. Wa ya aza dutsen?"

"Ni ce," in ji Hamida. "Ni za ki kama."

"A'a. Ke ma ki ga abin da ni gani."

Muryar ta yi sallama ta fita. Nuriyya ta tashi, ta nufo uwarta tana jan ƙafar hagu, kuma har yau haka take tafiya.